Muryar Baban Hadiyya

Kirkissoye, Yamai
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin rairayin can? Mu nan zafi ya kai ƙarfen keken ɗinkina ba ya taɓuwa da rana. Inna Fatuma maƙwabciyarmu tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Na yi ta kiran lambarka har na gaji. Musa shofer ya ce a sansaninku na haƙar mai babu rezo, waya ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu ya yi sa'a, shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da allura.

Ba lafiya ce ta sa na rubuto ba. Ka san sanƙarau ya kama Hadiyya bara, Allah ya tashi kafaɗarta. To ashe ciwon ya bar baya. Kunnenta na hagu ya mutu, na dama kuma yana bin sa a hankali. Likita ya ce abin da ya rage mata shi ne sauti mai kauri, irin ganga, ko rugugin babbar mota, ko muryar namiji. Siririn sauti ya soma kuɓuce mata. Na tambaye shi yaushe kunnen zai rufe gaba ɗaya, ya ce Allah ne masani, amma kada in sa rai da wuce damina.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Da Hajiya uwar yayanka ta rasu a Tawa, aka kawo mana kayanta, sai ga faifan bidiyon sunan Hadiyya a ƙasan kwallarta. Mu da muka ɗauka ya ɓata tun tuni. Ka tuna ranar? Kana ɗan lakkol a gidanmu, kai ka yi ta jigilar kujeru. Yayanka ya kutso cikin mata da la'asar yana cewa a ba shi ƴarsa, yana kiran sunanta gatsau, ƴar fari guda, mata suna ta yi masa dariyar rashin kunya. Abdulrazak, duk duniya babu inda muryar yayanka ta rage sai cikin faifan nan. Yarinyar ba ta kai shekara biyu ba hatsarin hanyar Dosso ya ɗauke shi. Yau shekarunta tara, ba ta san yadda ubanta yake magana ba.

Faifan ya tsufa, duk ya karce, babu abin da ke karanta shi sai tsohuwar na'urarmu ta DVD. Yaran siber, masu shagon kwamfuta, sun yi sun yi su kwafe shi, ya ƙi. A tele tana ganin fuskarsa, tana ganin bakinsa yana motsi, amma muryar telen siririya ce kamar kukan sauro, ba ta kai mata. Na ɗauki na'urar na kai wa masu kiɗan biki, suka haɗa da nasu a bakin titi, jama'a suka taru, abin ya yi wata ƙara mai tsini har yarinyar ta riƙe kai tana kuka. Ta ce ba za ta koma ba, likita ma ya ce irin wannan ƙarar tana iya ƙarasa kunnen.

Sai na tuna da amaryarka da ka bar mana ajiya a kwali, ampli ɗin nan mai ƙara sauti da manyan baful biyu, wato lasifika, masu sa kwanukan gidan nan rawa in ka kunna. Na buɗe kwalayen ba da izininka ba, ka yafe mini. Na haɗa wayoyin ja da fari kamar yadda nake ganin kana yi, shiru. A bayan DVD akwai wasu ramuka biyu, ampli ma yana da irinsu. Ɗaya mai kusurwa huɗu ne da ƴar ƙofa, ɗaya kuma zagayayye, ruwan goro. Na je kasuwar Katako wurin Bala mai kayan waya, ya ce kowanne da wayarsa, ɗaya oftik, ɗaya kowaksiyal, in zaɓa. Ni da ban san komai ba sai almakashi, me zan zaɓa?

Kayanka ne, kuma kai ka san su. Ka gaya mini wadda zan saya, ka ba Musa amsa a wannan zuwan. Don Allah kada ka bar ta ta kwana biyu a aljihunka kamar yadda ka saba.

Matar yayanka,
Iklima

*

Sansanin aiki, gabas da N'Guigmi
Ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Yaya Iklima,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina lafiya, sai kewar tuwon shinkafar Saga da miyar kukarki. Nan kullum taliya ce da sardin. A gaida Inna Fatuma, a shafa mini kan Hadiyya, a ce Tonton yana nan yana yi mata addu'a. Labarin kunnenta ya kashe mini jiki, na karanta takardar na kasa komawa bakin aiki.

Batun buɗe kwali kuma, Yaya, har kya nemi izini? Kakata da kakar Yaya Ismaël ne kawai ƴan ɗaki ɗaya, amma shekara huɗu na ci tuwon gidanku ba wanda ya taɓa tuna mini nisan zumuncin.

Ramukan ja da fari ba za su yi ba, sun ƙone tun daminar da na baro gida. Tsawa ce ta bi eriya ta shiga tele, ta bi wayoyin ta kai ga ampli. Ramukan nan biyu da kika gani su kaɗai suka tsira.

Ga bambancinsu. Kowaksiyal, ta ramin ruwan goro, waya ce ta jan ƙarfe, mai ƙwari, ko an taka ta ba ruwanta. Amma tunda ƙarfe ce, duk abin da kuran, wato wutar lantarki, ya kwaso, ko tsawa, tana iya kai shi cikin ampli. Oftik kuwa, ta ramin mai ƴar ƙofa, ba ƙarfe a cikinta ko kaɗan, haske ne yake ɗaukar sautin daga wannan kai zuwa wancan. Tsawa ba ta da hanyar bi. A kunne dai duk ɗaya suke, kada wani ya ce miki wata ta fi wata daɗi.

Damina ta kusa, kuma kin san halin kuran ɗin gefenku na Harobanda, ya tafi ya dawo da ƙarfi. In ramin da ya rage ya ƙone, shi ke nan ba mu da ta yi. Saboda haka ki sayi oftik, wayar haske. Kada ki kuskura ki haɗa wayar ƙarfe tsakanin ampli da wani abu, ko Bala ya rantse miki da me. Na san ƴan kasuwa.

In kin saya, akwai ƴan huluna na roba a kawunanta biyu, ki cire su. Ki soka kai ɗaya a DVD, ki kunna, ki duba ɗaya kan, za ki ga jan haske kamar ƙwayar ido. In kin gan shi, lafiya lau take. Sai ki soka a ampli har ki ji ta ce ƙas, ki danna maɓallin gaba har gilashin ya rubuta irin rubutun da ke saman ramin. Ki fara da ƙaramar murya, ki riƙa ƙarawa a hankali, Hadiyya ta sa kunnen dama kusa da babban zagayen baful na ƙasa, nan kaurin yake fita. Muryar Yaya kuwa kin san ta, in yana waya a ƙofar gida har bakin titi ake ji. Ina da yaƙinin za ta ji shi.

Abu ɗaya kawai, wayar nan ƴar gata ce. Ki kimtsa ta sosai, kada ta yi ta yawo a ƙasa masu kawo ɗinki su tattake ta. Kimtsawa kuwa ba sai na koya miki ba, ke da ko tsumman goge keke sai kin yi masa kalmasa.

Ki rubuto mini da zarar ta ji.

Ƙanenki,
Abdulrazak

*

Kirkissoye
Tsakiyar watan Mayu

Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Ina fatan kai ma haka. Hadiri ya soma haɗowa ta gabas, bai dai zubo ba.

Ba ta ji ba. Ba ita kaɗai ba, ni ma ban ji ba, abin ko tari bai yi ba.

Bari in gaya maka duk yadda na yi, ko za ka gano inda matsalar take. Na ƙetare gada na je wurin Bala na ce oftik nake so. Ya dube ni ya ce, "Madam, wannan fil ɗin ba na gidan da ake shige da fice ba ne, ki ɗauki kowaksiyal ki huta." Na ce mai kayan ya hana. Ya ce to, ya ba ni. Gajerar ta ƙare, sai doguwa, ta kai gaba uku.

Na cire hulunan. Na soka a DVD, na duba ɗaya kan, ga jan hasken nan kuwa kamar yadda ka ce. Hadiyya ta haska shi a tafin hannunta tana dariya, ta ce, "Mama, Baba yana cikin nan?" Na gyaɗa mata kai. Ta so a kunna nan take, na ce a'a, Tonton ya ce sai an kimtsa, kada mu yi garaje mu ɓata.

Na kuwa kimtsa ta yadda ko kai sai ka yaba. Na ɗinka mata riga da ragowar shadda, doguwa kamar gidan zariya, na zura ta ciki. Tsawon da ya yi yawa na ninke shi gida gida kamar yadda nake ninke tef ɗin awo. Ta yi ta gardama tana miƙewa, sai na ɗora mata dutsen guga, ba wuta a ciki, ya danne ta har ninkin ya kwanta lif. Na ɗaure da zare mai kakin zuma. Sauran na bi da shi gefen ledar ɗaki ina kama shi da ɗinkin hannu, a lungu na karya shi ya fita sak da kusurwar bango. Ko kaza ta shigo ba za ta san akwai waya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na yi wa yarinyar wanka, ta sa rigar sallarta, ita ta ce sai ta yi kwalliya tunda yau za ta gaisa da babanta. Inna Fatuma ta shigo da tabarmarta. Na kunna, na danna maɓallin har rubutun ya yi daidai. Ga yayanka a tele ya kutso cikin mata, bakinsa yana motsi. Hadiyya ta manna kunne a baful ta rufe ido. Na murɗa maɓallin murya, na murɗa, har ƙarshe. Shiru.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ita ba ta san shiru ba ne. Ta ɗauka muna ji, ita ce kawai ba ta ji. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, me ya ce?" Na yi ta yi mata nuni da hannu cewa na'urar ce, ba kunnenta ba, ba ta yarda ba. Ta tuɓe rigar ta ninke ta mayar akwati, ko abinci ba ta ci ba. Inna Fatuma ta ce da yarensu, "Kala suuru, Iklima," wato sai haƙuri, ta naɗe tabarma ta fita.

Na zaro kan wayar daga ampli na duba, jan hasken ya tafi. Na kashe na kunna, na hure ramin, na goge da auduga, babu shi. Na koma wurin Bala, ya ce shi lafiya ya ba ni, ni ma shaida ce, kuma wata oftik ɗin sai kaya sun iso daga Kotonu. Ya ɗauko ta jan ƙarfen ya ajiye a gabana ya ce in je in gwada, in ba ta yi ba in dawo masa da abarsa. Na ɗauke ta a hannu, Abdulrazak, na juya ta, sai na tuna ka ce kada in kuskura, ka ce in ramin ya ƙone ba mu da ta yi. Na ajiye masa na fito. Tun daga Katako har gada hawaye nake yi a cikin taksi.

Ka gaya mini, DVD ɗin ne ya mutu, ko ampli, ko ni ce ban iya ba? In saka ta ƙarfen ko kada in saka? Yanzu in ina mata magana sai na zo dab da kunnenta. Ka yi sauri.

Iklima

*

Kirkissoye
Ƙarshen watan Yuni

Abdulrazak,

Sallama. Ban san ko kana lafiya ba tunda ba ka ga dama ka sanar da mu ba. Mu dai ruwa ya sauka, lungunmu ya zama tafki, ƙafar Inna Fatuma ta tashi.

Fiye da wata guda ke nan ba amsa. Na je tashar su Musa har masu shayi sun san ni, kullum a ce bai dawo ba. Na kira lambarka, matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunka, har na tsani muryarta.

Na sake karanta takardarka ban san sau nawa ba, kuma yanzu na fahimce ta. Ka ce wayar ƙarfe tana da ƙwari, ka ce a kunne duk ɗaya suke, amma ka zaɓa mini mai laushin don kada amaryarka ta ƙone. Layi nawa ka ɓata a kan tsawa da kuran? Ka ƙirga su, ka ƙirga na Hadiyya. Na riƙe maka amana, ga waya a hannuna na mayar, don kada a ce matar yaya ta ƙona kayan ƙanen miji da yake can yana shan rana. Ashe ni ce wawuya. In kayanka kake tsoro, ka faɗa mini a fili in mayar da su kwali in ɗinke bakin.

Ka san ni da kunya irin ta mutanenmu. Ƴar farina ce, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, Ƴar Baba nake ce mata. A takarda ne kawai nake rubuta shi, takarda ba ta da ido. Shekaranjiya tana tsakar gida tana wanke kwanuka, ta ba ni baya, na ce Ƴar Baba, ba ta juyo ba. Na ɗaga murya, ba ta juyo ba. Sai na ji bakina ya ce Hadiyya. Na faɗa da iyakar ƙarfina har Inna Fatuma ta leƙo ta katanga. Yarinyar tana ta cuɗa tukunya abinta.

Muryata ta fita daga kunnenta, Abdulrazak. Muryar ta tafi, yarinyar ba ta taɓa jin na kira sunanta ba. In an yi tsawa tana ɗaga kai, in babbar mota ta wuce tana waiwaye, wannan kaɗai ya rage. Mutum ɗaya ne ya taɓa kiran sunan nan ba kunya a cikin iyayenta, yana cikin faifai, faifan yana hannuna, ni kuma ina zaune ina jiran izinin wanda ya manta da mu.

Ta daina tambayar faifan. Da tana kallonsa kullum bayan lakkol, yanzu in na kunna sai ta fita. Wannan ya fi kukan ciwo.

Zan jira zuwan Musa na gaba. In bai zo da komai ba, ban san abin da zan yi ba, kuma kada ka zarge ni.

Iklima

*

Sansanin aiki
Farkon watan Yuli

Yaya Iklima,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba kuma mantawa na yi ba. Motar Musa ce ta karye a cikin rairayi, aka ja ta zuwa Diffa, takardarki ta Mayu tana cikin akwatin motar duk tsawon lokacin nan. Ta Yuni kuma yaron tashar ya ba wani shofer. Yau da safe aka miƙo mini su biyun tare. Na hau tudu da waya har rana ta take, rezo bai zo ba. Wani abokin aikina Bashir zai tafi Yamai hutu yanzu, motar tana jira, a kan gwiwata nake rubutu.

Ba DVD ba ne, ba ampli ba ne. Wayar ce ta karye, a cikin rigarta. Yaya, abin da ke cikin wayar haske siririn tsinke ne kamar na gilashi, haske yana bin sa ne in yana miƙe ko ya yi lanƙwasa mai faɗi. In aka ninke shi aka danne, ya tsage. Da na kai inda kika ce kin ɗora mata dutsen guga sai na dafe kai. Laifina ne. Na ce ki kimtsa, ban ce kada ki ninke ba, alhali na san wadda nake rubuta wa. Da na gaya miki ki bar ta a naɗe sako-sako kamar igiyar guga, da tun Mayu an gama.

Maganar da kika faɗa a kan kayana ta yi mini zafi, amma da na sake tunani, akwai gaskiya a ciki. Na ji tsoron ƙonewar ramin don Hadiyya, na kuma ji don kaina. Yanzu na janye duk abin da na ce. In ya ƙone ya ƙone.

Kada ki jira kayan Kotonu, kada ma ki ɓata lokacin zuwa Katako. Wayar tana cikin ɗakinki. Ki duba wayar da ta tashi daga DVD zuwa tele, mai kai rawaya, wadda ke kai hoto. Cikinta iri ɗaya ne da kowaksiyal. Ki zare ta gaba ɗaya, ki soka kai ɗaya a ramin ruwan goro na DVD, ɗaya a ramin ruwan goro na ampli. Ki zare ja da fari ma daga tele, kada komai ya haɗa DVD da ampli da ita, ta nan tsawar ta shigo wancan karon. Ki danna maɓallin gaba har rubutun ya yi daidai da na saman ramin.

Hoto zai tafi, telen ba ta da sauran aiki. Murya kaɗai za ta rage. Ki yi wa Hadiyya bayani tukuna don kada ta firgita, ki rubuta mata a takarda cewa wancan karon waya ce ta karye, Tonton ne ya ce, kuma Tonton bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Wannan wayar ki bar ta yadda take, ko a tsakiyar ɗaki ne. Kada ki ɗinka mata ko hula.

Ki yi yau ɗin da takardar ta same ki, Yaya, ko ana ruwa.

Ƙanenki,
Abdulrazak

*

Kirkissoye
Watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu lafiya lau. Kogi ya cika, shinkafar Saga ta yi kore shar, Inna Fatuma ta samu sandar da ta dace da ita. Ka yafe mini maganganun da na faɗa maka, zafin zuciya ne. Ka kuma yafe jinkirin amsa. Na aika maka saƙon baki ta wurin Bashir, amma na san kana son ka ji dalla-dalla, ni kuma ban iya zama rubutu ba sai yanzu.

Bashir ya iso da hantsi, ana yayyafi. Ban ko ba shi ruwa ba sai da na gama karantawa. Na zare rawayar wayar, duk ƙura, na soka inda ka ce. Na rubuta wa Hadiyya abin da ka ce in rubuta. Ta karanta ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba ta so. Ban matsa mata ba. Tana zaune bakin ƙofa da kayan gida, tana tsinkar zogale, na kunna.

Ni na fara jin sa. Guɗar mata, ƙarar kwanuka, sai ga muryar yayanka ta cika ɗakin kamar ya shigo da takalmansa. Na zauna a ƙasa. Na murɗa a hankali kamar yadda ka koya mini, har murfin tukunya ya soma rawa a kan kabad.

Sai na ga ta ajiye tiren zogalen. Ta juyo da kunnen dama kamar mai sauraron mota daga nesa. Ta taso, ta durƙusa gaban baful, ta rungume shi da hannu biyu ta manna kunne. Na mayar da faifan baya zuwa inda ya kutso cikin mata. Ya ce, "Ina Hadiyya tawa? Ku ba ni ita nan, ku ba ku iya riƙo ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama, ya ce Hadiyya." Na gyaɗa kai. Ta ce, "Muryarsa ƙatuwa ce." Sai ta ce a sake. Muka sake har aka kira azahar, Bashir yana tsaye a bakin ƙofa, ya manta da taksin da ke jiransa.

Daga ranar kullum sai ta ji, safe da yamma. Na ce zan sayo ta Bala don a mayar da rawayar wurinta, ta samu hoto da murya tare. Ta ce a bari, fuskar ta riga ta sani, in tana kallo hankalinta yana rabuwa. Wayar tana nan a miƙe tsakiyar ɗaki, masu kawo ɗinki suna tsallake ta. Kullum idona yana kanta, hannuna yana ƙaiƙayi, ban taɓa ta ba. An yi tsawa ba iyaka a daminar nan, amaryarka ko gezau.

A watan Agusta na lura kullum sai na ƙara murɗawa. Makon jiya na kai maɓallin ƙarshe, ɗakin yana girgiza har maƙwabta suka leƙo. Ta daɗe da kunne a jikin baful, sannan ta tashi da kanta ta kashe. Ta ce, "Ya tafi, Mama. Sai motsin kawai nake ji a hannuna." Likita ya duba ya ce haka ne, kunnen ya rufe.

Na ɗauka ranar zan haukace, ita ce ta hana ni. Ta zauna kusa da keken ɗinki, ta cika kumatu, ta saukar da murya can ƙasan maƙogwaro, ta ce, "Ina Hadiyya tawa? Ku ba ni ita nan, ku ba ku iya riƙo ba." Abdulrazak, har ƴar dariyar da yake yi a tsakiyar maganar ta kwaso. Ta ce kada in damu, ta riƙe shi.

Sai ta miƙo hannunta ta ɗora a wuyana, daidai maƙogwaro, yadda take ɗorawa a baful. Ta ce, "Ke ma faɗa."

Inna Fatuma tana zaune, da wata mata da ta kawo awo. Na faɗa a gabansu. Na ce Hadiyya. Ta danna yatsunta ta rufe ido, ta ce in sake, na sake. Yanzu kowace safiya kafin ta karya kumallo sai ta zo ta ɗora hannu na kira ta.

Kayanka na goge su na mayar kwali, suna jiranka lafiya. Rawayar wayar dai ba zan mayar wa tele ba, Hadiyya ta sa ta a akwatinta tare da faifan. Ni na naɗe mata ita, sako-sako, ban ninke ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya saka maka da alheri.

Matar yayanka,
Maman Hadiyya